Bahon Mage a Alƙiblata

Garba ɗan garin Gude ne ya tarye ni a tashar jirgin ƙasa, kuma da na san abin da ke cikin mutumin nan da tun a wurin na ƙwace jakata na kama gabana. Ƙanin matar kawuna ne, shekararsa shida a can, wata ƙasa a gabashin Turai wadda sanyinta ke shiga har cikin haƙori. Ni kuwa daga Kutama na fito, ta ƙasar Gwarzo, na je karatun noman rani, don na gaji da ganin gonar gidanmu tana jiran sama kowace shekara. A waya Garba ya yi mini alkawarin ɗaki, da kuma abin da ya fi ɗakin muhimmanci, wato takardar mazauni. A ƙasar, baƙo ba ya samun izinin zama sai mai gida ya je ofis ya sa hannu cewa a gidansa yake. Idan wata uku suka cika babu wannan sa hannun, sai mutum ya tattara ya koma inda ya fito, ko ya fara karatu ko bai fara ba.

Ɗakin da ya ba ni wurin ajiyar kaya ne a bayan wani shagon gyaran taya. Katifa ɗaya, ƙwan lantarki ɗaya, sai warin roba. Sati biyar na yi a ciki, kullum na ɗauko maganar takarda sai ya ce gobe. Ranar da na gaji na tsare shi a bakin ƙofa.

"Garba, don girman Allah, yaushe za mu ofishin nan? Kwanaki fa suna tafiya."

"Kai Lawan ka cika gaggawa wallahi. Nan fa ba Gwarzo ba ce, da za ka shiga sakatariya ka ce kai ɗan wane ne a buga maka hatimi."

"Ni dai gaya mini gaskiya. Ɗakin nan da sunanka yake?"

Ya yi ta danna waya kamar bai ji ni ba, can ya ce, "To tunda ka tambaya, ba da sunana yake ba. Ni ma lallaɓawa nake. Kuma mai shagon ya ce ka nemi wani wuri kafin Juma'a."

Ban zage shi ba, albarkacin matar kawuna. Amma har yau in na bi ta Gude a kan babur ba na tsayawa gaisawa da kowa.

Daga nan sai masallaci. Wani ɗaki ne a ƙarƙashin bene inda baƙi irinmu ke haɗuwa. Mai kula da shi wani dattijo ne ɗan wata ƙasa, ba ya jin Turanci, ni ba na jin yarensa, da guntun Larabcin makarantar allo muke lallaɓawa. Kwana tara ya bar ni ina shimfiɗa a bayan naɗaɗɗun dardumai, da rana ya raba miyarsa biyu ya tura mini rabi. Shi ne ya zo mini da wata 'yar takarda da ya ɓalle daga allon sanarwa na kanti: wata tsohuwa tana neman wanda zai zauna a gidanta, ya yi mata cefane, ya kula da magenta. Ya tambaye ni ko ina tsoron mage. Na yi dariya. A garinmu mage ita ke kula da kanta, ta kama ɓeran rumbu, ta haura katanga ta yi abin da za ta yi a inda ba wanda ya sani. Ni da na taso a bayan shanu, me mage za ta yi mini?

Gidan yana hawa na huɗu, babu lif. Tsohuwar, Madam Zoya, ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, ƙafafunta sun kumbura, shekara biyu rabonta da sauka ƙasa. Gidan da sunanta yake, amma duk wata harkar ofis 'yarta Marina ce ke yi a madadinta. Marina ce ta yi mini tambayoyi a tsaye, ko kujera ba ta nuna mini ba. Ta karɓi fasfona ta juya shi gaba da baya da yatsu biyu, ta ce ban da baƙi, ban da girki mai yaji, ban da taɓa firij ɗin uwarta. Za ta gwada ni wata ɗaya, in ta ga dama ta je ta sa hannu. Na lissafa a zuci, na ga in watan ya cika saura mini 'yan kwanaki ƙalilan. Na ce na gode.

Sannan aka nuna mini Tosha. Wata ƙatuwar mage ce ruwan toka, mai faffaɗar fuska, tana kwance a kan kujerar da ta fi kowace laushi a falon. Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni ta mayar ta rufe. Tun a ranar ba mu yi wa juna kallon arziki ba.

Ɗakina ɗan tsugul ne, gado da kabad sun cinye shi, saura wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar darduma ba. A kusurwar wannan filin akwai wani baho na roba mai faɗi, cike da yashin kanti. Nan ne bayan gidan Tosha. Shekara goma sha ɗaya ɗakin ba kowa, nata ne. Aikina in kwashe abin da ta yi da ɗan cokalin roba safe da yamma, in sauya yashin duk sati. Wannan ban damu ba, wanda ya kwashe takin garke ba zai ji ƙyamar na mage ba. Sai da la'asar ta yi na buɗe waya na nemi alƙibla. A can ba gabas ake kallo ba, kudu ne, kuma kibiyar ta miƙe ta tsaya cak a kan bahon nan. In na yi sujada, tsakanin goshina da kashin mage bai kai taƙi biyu ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce duk wulaƙancin da na sha a ƙasar nan na shanye, amma wannan kam a'a. Ban tambayi kowa ba, na ɗauki bahon na kai banɗaki na cusa shi a lungun bayan injin wanki, inda idon tsohuwa ba zai kai ba. Na dawo na wanke kusurwar tas, na ɗauko turaren wutar da Inna ta ƙulle mini a leda na turara ɗakin har sai da na ji kamar ina gida. Na yi sallata cikin natsuwa, ina ganin na yi dabara.

Washegari Tosha ta yi fitsari a kan kafet ɗin falo. Kwana biyu bayan nan ta yi a cikin silifas ɗin tsohuwa, ita kuwa ta zura ƙafa ba ta gani ba. Ban san zagi a yarensu yana da tsawo haka ba sai ranar. Lokacin na fara tsintar yaren a makaranta, abin da na gane a ciki shi ne ni ke rufe ƙofata ina hana Tosha shiga wurin bahonta. Ta ce daga yau ƙofata a buɗe. Na buɗe. Da na dawo daga makaranta na tarar da dardumata a jiƙe, ga kuma tulin abu a daidai kusurwar nan, an ja gefen dardumar an rufe shi.

Wallahi a ranar da a Kutama muke da sai na jefa magen nan bayan katanga. Duk wanda ke da hankali ya ga inda ta yi ya san abin da take nufi. Ni ma na sani, ƙin sani na yi. Na ce mage ba za ta zaɓa mini inda zan yi salla ba.

Sai muka shiga yaƙi. Na barbaɗa garin barkono a kusurwar, ta koma ƙarƙashin teburin cin abinci. Na wanke wuraren da wani ruwan wanki mai hawa kai, ta dawo ta yi a daidai inda na wanke. Na ce ko yashin kanti ne ba ta so, na je inda ake gini na ɗebo yashi na gaske irin namu a leda, mai gadin wurin ya biyo ni yana ihu kamar na saci siminti, ita kuma ko shinshinawa ba ta yi ba. Na ɗauke ta na dangwarar a cikin bahon, ta yage mini hannu ta fice. Rannan na kulle ta a banɗakin tare da shi na tafi cefane, ashe tsohuwa ta kunna injin wanki. Da na dawo na same ta a saman kwandon kaya tana makyarkyata, ta ɓata tawul biyu. Daga ranar in ta ji takuna sai ta shige ƙarƙashin gadon tsohuwa.

Tsohuwa ta daina amsa gaisuwata. In na kawo cefane sai ta zazzage ledar tana laluba kayan ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabciyarmu ta ƙasa ta tare ni a matakala ta toshe hanci tana nuna ni, wai tun da na zo benen ke wari. A makaranta ina zaune ana bayanin yadda ake auna gangaren ƙasa, ni hankalina na kan kafet. Ban taɓa kewar gida irin ta lokacin ba. Ina tuna tsakar gidanmu da hantsi, Inna tana kaɗa nono, kaji suna bin ƙafarta, dabba tana matsayinta na dabba.

Marina ta kai magen wurin likitan dabbobi, ya duba ya ce lafiyarta ƙalau, babu ciwon mara, babu komai. Ranar Juma'a, saura mini kwana tara izinina ya ƙare, ta kira ni kicin ta rufe ƙofa. Ranar ce ta fara yi mini murmushi, kuma ranar ce na fi jin tsoronta.

Ta ce magen ta tsufa, ta ruɗe, ita kuma ta gaji da sayen kafet. Ranar Litinin za ta zo da keji a kai ta a yi mata allurar da ba a tashi. Matsalar ita ce uwarta ba za ta yarda da maganarta ba, don ba sa zama minti biyar ba su yi faɗa ba. Amma ni da nake kwana a gidan, in na ce na ga Tosha tana wahala, tana kuka, ba ta gane hanya, tsohuwa za ta sallama. "Ka faɗi haka," in ji ta, "daga wurin likita mu wuce ofis in sa maka hannu."

Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na fara ji. Magen da ta hana ni sakat za ta tafi, takarda za ta fito, kusurwata ta zama tawa. Na ce mata to.

Ranar Asabar bayan azahar na kira gida. Inna ba ta faɗin sunana, ni ne ɗanta na fari.

"Salamu alaikum. Inna, ina yini?"

"Lafiya lau. Ya sanyi? Ya karatu? Ya baƙunta?"

"Alhamdu lillahi. Ya su Baba? Ya dabbobi? An gama kai dawa gida?"

"An gama tun tuni, sai godiya. Kai wannan, muryarka ba daidai take ba. Me aka yi maka?"

Na so in kauce, amma Inna ba a kauce mata. Na kwashe labari na gaya mata, tun daga baho har keji. Da farko dariya ta yi har da tari.

"Oh ni! Ashe jirgin da ka hau, kwasar kashin mage ka tafi? Ka bari babanka ya ji."

"Inna don Allah ki bar dariya. Ni fa za a kora."

"To tsaya. Kafin ka zo gidan, tana yi musu a ɗaki?"

"An ce ba ta taɓa ba."

"Ka zo ka ɗauke mata wurinta, ka kai inda inji ke ruri, ka bi ka cika ɗakin da hayaƙi, sannan ka ce ta ruɗe? Ka manta jar saniyar babanka da aka sauya wa turke, kwana nawa ta yi tana hana nono?"

"Inna, a alƙiblata fa yake. In yi salla ina kallon najasa?"

"Ita magen ta san alƙibla ne? Kai da Allah ya ba hankali da ƙafafu, ai kai za ka matsa. Gidan duk babu inda goshinka zai samu wuri sai nan?"

Ta bar dariyar, muryarta ta sauya.

"Ji nan. In ka buɗe baki ka yi wa dabbar nan ƙarya aka kashe ta a kan abin da kai ka yi, ko ka gama karatun kada ka kawo mini takardarsa in gani. Ka gaida tsohuwar."

Ta kashe wayar. Na zauna a bakin gado ina jin haushinta, ina jin haushin magen, ina jin haushin Garba da ya jefa ni a wannan hali. Da haushin ya rasa inda zai sauka, na tashi na je banɗaki na jawo bahon. Na wanke shi da ruwan ɗumi zalla, na zuba sabon yashin kanti, na mayar da shi kusurwarsa daidai inda sawunsa yake a ƙasa. Na buɗe taga duk da sanyin don ƙamshin turaren ya fita, na ƙulle sauran na tura ƙasan jaka. Wuraren da ta ɓata na bi su da sabulu marar ƙamshi. Sannan na naɗe dardumata na fita da ita. Na auna falo, hotunan mutane ne a bango ta ko'ina. Na auna kicin, ba fili. A ƙarshe na samu wuri a ɗan lungun shigowa, tsakanin ƙofar waje da inda ake jera takalma. Nan na yi la'asar, iska tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa tana dukan ƙafata.

Ranar Tosha ba ta shiga ɗakin ba. Lahadi da hantsi ina zaune a kicin da littafi, na ga ta fito tana sanɗa. Ta tsaya a ƙofar ɗakina ta daɗe tana shinshina iska, ta waiwayo ta harare ni, ta shige. Can sai na ji ƙarar tonon yashi. Ban taɓa zaton akwai ranar da zan ji wannan ƙarar in ce alhamdu lillahi ba. Kafin yamma ta shiga sau uku, ko ɗigo ba ta yi a waje ba.

Litinin Marina ta zo da keji a hannu ɗaya, jakar takardu a ɗayan. Ta zaunar da uwarta a falo, ta dube ni ta ce in faɗi abin da na gani. Da guntun yarensu da nake da shi, don tsohuwa ta ji da kunnenta ba sai an fassara mata ba, na ce Tosha lafiyarta lau. Na ce ni na ɗauke bahonta tun ranar da na zo, na ɓoye a bayan injin wanki, saboda yana gaban inda nake salla. Na ce na mayar, kuma ta koma yi a ciki.

Marina ta yi fari, sannan ta yi ja. Ta ce wata guda ina kallon uwarta tana taka fitsari na yi shiru. Ta ce maƙaryaci ne ni, irinmu duk haka muke, a ba mu ɗaki mu nemi gidan gaba ɗaya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rabin maganarta gaskiya ce. Ta ce in tattara kayana, sa hannu kuwa ko a mafarki. Tsohuwa ta ce mata wani abu gajere, Marina ta mayar mata da mai tsawo, suka yi ta yi har maƙwabta suka buga bango. Ƙarshe Marina ta ajiye makullin gidan a kan tebur da ƙarfi, ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar kejin a tsakar falo.

Na zaci tsohuwa za ta ce mini wani abu mai sanyi. Ta juyo inda take jin numfashina ta ce, "Alade." Ta shige ɗakinta.

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Na haɗa jakata, na je na gaya wa dattijon masallaci cewa tafiya ta kama ni, na fara tunanin abin da zan ce wa Baba da mutanen da suka raka ni tasha. Duk da haka safe da yamma ina kwashe bahon, don ba wanda zai yi.

Alhamis da safe na fito na same ta a lungun takalma, a tsaye a daidai inda nake salla. Ta sa wata tsohuwar kwat mai warin kabad, ta ɗaura ɗankwali, sanda a hannu, takardun gidan a cikin ledar burodi.

"Sa mini takalmi," in ji ta. "Ba don kai ba ne. In ka tafi, Marina za ta dawo ta sa Tosha a kejin."

Na durƙusa na sa mata. Saukar nan ta ɗauke mu kusan awa guda. Kowace matakala sai ta dafa ƙarfe, ta riƙe hannuna, ta sauke ƙafa ɗaya, ta zage ni, ta sauke ɗayar. Maƙwabciyar da ke toshe hanci ta leƙo ta tsaya baki buɗe. A ofis muka bi layi, babu wanda ya tashi ya ba ta kujera sai da na yi magana. Ma'aikaciyar ta tambaye ta ko ta tabbata tana son wannan mutumin a gidanta. Ta ce ba ta so, a nuna mata inda za ta sa hannu. Na ɗora yatsanta a kan layin, ta rubuta sunanta a karkace, aka buga hatimi.

Da tasi ta sauke mu a gindin bene, ta ɗaga kai ta dubi matakalar da ba ta gani sosai, ta taka ta farko, gwiwarta ta ƙi. Ta sake gwadawa, ta ƙi. Na tsuguna a gabanta na juya mata baya. Ta ce ko ta mutu. Muka tsaya a haka cikin sanyi har haƙoranta suka fara haɗuwa, sannan na ji hannuwanta a wuyana. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na goya ta muka fara hawa, tana dukan kafaɗata da ledar takardun, tana cewa in yi a hankali, jaki kawai, zan kashe ta. A hawa na biyu ta zagi Marina. A hawa na uku na ji ta kifa goshinta a bayana, na ji rigata tana jiƙewa. Na ci gaba da hawa.

Shekara biyu da wata huɗu na yi a gidan har na gama karatuna. Marina ba ta sake tako benen ba, kuma duk ranar Lahadi tsohuwa sai ta sa na jera kofin shayi biyu a tebur, ta zauna tana sauraron matakala har shayin ya huce, sannan ta ce in zo in kwashe, ai ni na jawo.